In An Yi Ruwa Fa?

Mahaifina direban tirela ne, shekara talatin yana bin hanyar Kano zuwa Legas. Bai taɓa fita da asuba bai taka birki sau uku ba. Ranar da na gaya masa bincikena a kan yadda ake tabbatar da cewa na'ura mai tuƙa kanta ba za ta yi karo ba ne, dariya ya yi. "Ai gwadawa ake yi," ya ce.

Ni ma haka na ɗauka. A shekarata ta farko na haɗa wani ɗan mutum-mutumi mai tayoyi, aikinsa kawai ya tsaya kafin ya kai bango. Na gwada shi har na gaji, ko sau ɗaya bai taɓa bangon ba. Na kai wa malamata ina washe baki. Ta ce gwaji yana nuna abin da ya faru ne a lokutan da na gwada, ita kuwa hujja take so a kan lokutan da ban gwada ba.

Aikin fanninmu ke nan. Za ka rubuta umarnin kwamfutar da dokokin motsi, wato gudu da nisa da lokaci, duk cikin harshen lissafi, sannan ka kafa hujjar cewa babu yanayin da zai kai ga karo. Na yi amfani da KeYmaera X, manhajar da André Platzer da abokan aikinsa suka ƙirƙira a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka.

Hujjar ta ƙi kammaluwa. Mako biyu ina zargin manhajar, ashe laifina ne. Tsakanin lokacin da na'urar ta auna nisa da lokacin da birki ya kama akwai ɗan jinkiri, a cikinsa kuma tana ci gaba da tafiya. Ban lissafa shi ba. Gwaje-gwajena duk a hankali na yi su, shi ya sa aibin ya ɓuya.

A daren nan na tuna rokar Ariane 5, wadda ta tarwatse ranar 4 ga Yuni, 1996, ba ta cika minti ɗaya da tashi ba. Manhajarta an gado ta ne daga Ariane 4, inda ta yi aiki lafiya. Sabuwar rokar ta fi gudu, sai wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. Na kuma tuna layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, wanda aka buɗe a 1998 babu direba, bayan an tabbatar da manhajar tsaronsa da lissafi.

Na gyara, hujjar ta kammalu, na kira gida da murna.

Baba ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, in an yi ruwa fa?"

Na yi shiru. A layin farko na hujjata na rubuta cewa ƙarfin birki ba zai gaza wani adadi ba. Duk abin da na tabbatar a kan wannan zato ya tsaya, shi kuwa jiƙaƙƙen titi bai san da shi ba. Tun daga ranar, kafin in karanta ƙarshen kowace hujja, farkonta nake dubawa, in ga abin da aka ɗauka ba tare da an taka ba.