Yajin Masu Fayil Sittin

Sanyin Janairun 1965 a birnin New York ba irin hunturunmu ba ne, yana shiga ƙashi. A cikinsa ma'aikatan walwalar jama'a kusan 8,000 suka ajiye aiki, ina ɗalibi mai koyon aiki a wani ofishinsu da ke Harlem.

Na baro gida da ɗumin yajin gama-gari na Yunin 1964, wanda shugabannin ƙwadago, su Imoudu, suka jagoranta a kan albashi, don haka na ɗauka nan ma kuɗi ne kawai. Matar da ke koya mini aiki ta buɗe durowarta, fayiloli suka zubo. Kowane fayil gida ne guda: mai jego da aka yanke wa wuta, tsoho da mai gida ke shirin kora. "Ɗana," in ji ta, "yaushe zan zaga su duka?"

Abin da sabuwar ƙungiyarsu, SSEU, ta kafe a kai ke nan: kada a ɗora wa ma'aikaci fiye da gida sittin. A 1964 ta kayar da tsohuwar ƙungiya, Local 371, a zaɓen wakilci, amma da yaji ya zo suka fita tare. Hukumar birni, ƙarƙashin Magajin Gari Robert Wagner, ta ce yawan fayil hurumin shugabanni ne, ba a ciniki a kansa. A ganina nan ne ainihin rigimar, albashi biyo baya ya yi.

Akwai kuma dokar Condon-Wadlin ta 1947, wadda ta ce ma'aikacin gwamnati da ya shiga yaji ya kori kansa. Aka sallami dubbai, aka kulle shugabanni 19. Kullum da safe sai a taru a ƙofar ofis da kwalaye, ana zagayawa don kada ƙafa ta daskare. Wasu daga cikin masu karɓar tallafin walwala, waɗanda yajin ya fi ƙuntata wa, suka zo suka shiga layi. Ni baƙo ne mai bizar karatu, shayi kawai nake kai musu.

Kwana 28 aka yi. Aka mayar da korarru bakin aiki, maganar gida sittin ta shiga yarjejeniya. A 1967 dokar Taylor ta maye gurbin Condon-Wadlin, amma ita ma ta haramta yaji, sai dai ta halatta ciniki da ƙungiya.