Kyanwa da Ƙwaryar Madara

Mutane da yawa sun ɗauka babu abincin da ya dace da kyanwa kamar madara. Ni kam ban yarda da haka ba, bayan shekarun da na yi ina kiwon kyanwa a gida.

Gaskiya ne 'yar kyanwa da nonon uwarta take rayuwa. A lokacin, cikinta yana da wani sinadari mai narkar da sukarin da ke cikin madara. Amma idan aka yaye ta, wajen mako 8 bayan haihuwa, sai sinadarin nan ya soma raguwa. Saboda haka, idan babbar kyanwa ta sha madarar shanu, sukarin ba ya narkewa sosai. Yakan wuce zuwa babban hanji, inda ƙananan ƙwayoyin halitta suke ruɓar da shi, iska ta taru. Daga nan sai kumburin ciki da tusa mai wari, wani lokaci har da zawo.

Abin tausayin shi ne, ita kyanwa ba ta san haka ba. Tawa, da ta ji motsin ƙwarya sai ta sheƙo a guje. Duk ranar da yaran maƙwabta suka zuba mata madara, da daddare sai in ji cikinta yana ƙugi, ta kasa kwanciya wuri ɗaya. Shi ya sa na roƙe su su riƙa ba ta ruwa mai tsabta kawai.

Sauran abincin gida ma yana da nasa laifin. Kyanwa dabba ce mai cin nama. Wake da tuwo da miya mai maiƙo suna yi wa cikinta nauyi. Albasa da tafarnuwa kuwa guba ce gare ta, domin suna lalata jininta. Haka nan idan ta ci abinci da gaggawa, takan haɗiyi iska. Idan za a sauya mata abinci, a yi shi sannu a hankali, cikin kamar kwana 7.

Akwai kuma tsutsar ciki, wadda takan samu daga ɓerayen da take kamawa. Wannan aikin likitan dabbobi ne. Wurinsa nake kai ta idan ta yi ta amai, ko na ga jini a kashinta, ko ta kwana ta wuni ba ta taɓa abinci ba.