Iyaka Ta Ɓace, Gona Tana Nan

A ƙasar Bichi da Ɗambatta da Kunchi, gona manne take da gona, babu daji tsakaninsu. Abin da ke raba ta wane da ta wane bai wuce layin gamba ba, ko shingen lalle, ko 'yan itatuwan bi-ni-da-zugu. Idan ruwa ya share wannan alama ko wuta ta cinye ta, ba wanda zai ce gona ta ɓata. Mai unguwa yakan tara dattawa, a tona ƙasa a nemo saiwar gamba, a mayar da iyaka mazauninta. Sharaɗi ɗaya ne kawai: kada kowa ya sa garma kafin a gama, domin garma ita ke birkice saiwar da za ta ba da shaida. Wannan tsohuwar hikima ta manoma ita ce ta ceci aikin wani malamin Hausa a ɗaya daga cikin ƙauyukan Bichi, ko da yake ba gona ya yi hasara ba.

Malamin ya daɗe yana bi gida-gida yana naɗar muryoyin tsofaffi. Ya tara tatsuniyoyi da waƙoƙin daka da na niƙa da na daɓe, da kirarin da ake yi wa manoma ranar gayya. Duk abin da ya naɗa da waya sai ya juye shi a kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya share na wayar don ya sami wurin sabo. Da yawa daga cikin masu muryoyin sun riga mu gidan gaskiya, ciki har da gwaggonsa, wadda ita ta fara yi masa tatsuniya yana yaro.

Wata rana da hunturu, kwamfutar tana kan benci tana aiki, sai akuya ta sarƙafe da wayar caji ta jawo ta ƙasa. Da aka kunna ta, ta ƙi tashi. Aka cire faifan ajiyarta aka haɗa da wata kwamfutar, sai ita kuma ta nuna cewa faifan fanko ne, ta nemi izinin yi masa fomatin. Wani saurayi mai ɗan sanin na'ura ya ce, "Malam, ka bari a yi fomatin a zuba sabuwar manhaja, yau ɗin nan za ta tashi." Malamin ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, da muguwar rawa gara ƙin tashi." Ya naɗe faifan a tsumma ya sa a jaka.

Domin a gane hikimar wannan ƙin, dole a san yadda faifan yake. A cikin akwatinsa akwai farantai masu shafen maganaɗisu, waɗanda a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka suke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, wato sau 90 a daƙiƙa. Wani ɗan hannu mai tsini yana shawagi a kansu yana rubutu yana karatu ba tare da ya taɓa su ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba. Idan na'ura ta faɗi tana aiki, tsinin yakan daki farantin ya karce shi. Shi kuma faifan akan kasa shi kashi-kashi, kamar yadda magada ke raba gandu. A tsarin da aka fara amfani da shi a 1983, bayanin inda kowane kaso ya fara da inda ya ƙare yana rubuce ne a gurbin farko na faifan, mai bayit 512, kuma jadawalin kansa bayit 64 ne kacal. Idan wannan ɗan wuri ya lalace, kwamfuta sai ta ce ba ta ga komai ba, alhali duk bayanai suna kwance inda suke. Iyaka ce ta ɓace. Zuba sabuwar manhaja a kai kuwa, shi ne sa garma.

Malamin ya hau motar Bichi zuwa Kano, ya sami wani mai gyara a titin Beirut. Mai gyaran ya fara kara faifan a kunnensa bayan ya ba shi wuta. Ya ce, "Malam, ka yi sa'a, ba ya ƙwas-ƙwas. Da yana yi, da hannun ne ya lalace, kuma ba zan buɗe shi a wannan ƙura ba, sai ɗaki na musamman da ake tace iskarsa." Daga nan ya bi matakai uku, bai yarda ya tsallake ko ɗaya ba.

Da farko ya kwafe faifan gaba ɗaya, gurbi-gurbi, zuwa wani lafiyayye, da wata manhaja mai suna ddrescue. Dabararta ita ce ta fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, sannan ta dawo ta lallaɓi masu rauni. Dalili kuwa shi ne faifai mai ciwo yana ƙara lalacewa ne duk lokacin da ya juya, saboda haka a kan kwafi ake yin sauran aiki. Na biyu, ya sa TestDisk, manhajar kyauta da wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya ƙirƙira. Ita tana bin faifan tana neman alamar da kowane kaso ke bari a farkonsa, da kwafin alamar da tsarin Windows ke ajiyewa a ƙarshensa, kamar dai masu neman saiwar gamba. Da haka aka gano kaso biyu. Na farko ya dawo cif, da jakunkunansa da sunayensu.

Kaso na biyu, inda mafi yawan muryoyin suke, shi ne ya ba da wahala, domin karcewar ta shafi rajistar da ke riƙe da sunan kowane fayil. Nan aka koma ga mataki na uku, wato PhotoRec, 'yar'uwar TestDisk. Ita ba ruwanta da rajista; tana gane hoto ko murya ko takarda ne daga 'yan alamomin da ke farkonsu, ta tsamo su. Sai dai abin da ta tsamo ba ya zuwa da suna, lamba ce kawai. Malamin ya koma gida da ɗaruruwan muryoyi, bai san ta wa ce wannan ba, bai san ranar da aka naɗi waccan ba.

A nan aikin na'ura ya ƙare, na mutane ya fara. Kowace yamma bayan la'asar yakan shiga gidaje da littafin rubutunsa, ya kunna murya, mata su kasa kunne. Wata ta ce, "Wannan ai Inna ce, ranar daɓen ɗakin yayana." Wata ta gane kakarta daga tari kawai. Wasu suka yi dariya, wasu suka share hawaye da gefen mayafi. Kafin damina ta faɗi, yawancin muryoyin sun sami masu su. Amma ba duka aka samu ba. Wasu sun fito a gutsure, kuma doguwar tatsuniyar gwaggonsa ta yanke ne a tsakiya, daidai inda tsinin ya karce farantin. Babu manhajar da za ta ƙarasa ta.

Ɗalibin da ke shirin zama malami zai riƙe amanar irin waɗannan abubuwa: sakamakon jarrabawar yara, da kundin bincike, da abin da ya tattaro daga bakin dattawa. Idan ta ɓaci, abin da ya kamata ya tuna kaɗan ne. Ya kashe na'ura nan take, kada ya yarda da fomatin, kada ya ajiye sabon abu a kan faifan, kada ya buɗe shi, kuma abin da aka ceto a zuba shi a wani faifan daban. Ya kuma sani cewa sababbin ma'ajiyai marasa farantai, irin na wayoyi da kwamfutocin yanzu, ba sa jin jijjiga sosai, amma sukan goge abin da aka share da kansu, don haka ceto daga gare su ya fi wuya.

Abin da ya fi duk wannan sauƙi shi ne kwafi. Masana sun ba da shawarar a riƙa ajiye muhimmin abu sau uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri nesa da sauran. Manomin kirki ba ya zuba irin shukarsa duka a rumbu ɗaya, saboda gobara da gara. Yanzu muryoyin tsofaffin nan suna kwamfutar malamin, suna wani faifai a gidan ƙaninsa, an kuma ɗora su a ma'ajiyar intanet. Ya fara juyar da su zuwa rubutu a takarda, kuma a ƙarƙashin kowace tatsuniya yana rubuta sunan mai ita da unguwarta.