Wa'adi Iri Biyu

A galibin jami'o'in Nijeriya, ɗalibin digiri na uku yana da shekara 3 zuwa 5 ya kammala karatunsa. Idan wa'adin ya cika bai gama ba, sai ya rubuta takardar neman ƙari ta hannun malamin da ke duba aikinsa da shugaban sashe, har ta kai ga majalisar dattawan jami'a. In an amince ya ci gaba, in an ƙi rajistarsa ta mutu.

Wani malamin kwalejin ilimi ya yi rajista a shekarar 2018 domin nazarin Zamfarci, karin harshen da ake cewa "hwari" a maimakon "fari", da "shina" a maimakon "yana". Babban madogararsa wani dattijo ne mai shekara tamanin da 'yan kai, wanda bakinsa bai gauraya da Kananci ba. Sau biyu kacal ya naɗi muryarsa. Duk lokacin da jagoransa ya tambaye shi, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai da sauran lokaci."

Ana nan sai annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, ga kuma yajin aikin malaman jami'a da bai ƙare ba sai Disamba. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, hanyar ƙauyen ma ta gagari matafiya. Wani yajin aikin ya sake cin wata 8 a 2022.

Da wa'adi ya ƙarato, ya nemi ƙari, aka ba shi shekara guda, domin uzurinsa a fili yake. Ya kama hanyar ƙauye cike da murna, sai ya tarar dattijon ya riga mu gidan gaskiya. Babi guda ya rushe, tilas ya sake tsarin aikin da ɗan abin da ya naɗa.

Ya kare kundinsa a 2024. Har yanzu yakan gaya wa ɗalibansa cewa jami'a na iya ƙara wa'adin rajista, amma wa'adin masu ba da bayanai ba a hannunta yake ba. Saboda haka mai nazarin harshe ya fara da fita fage tun a shekarar farko, rubutu ya biyo baya. Da sanyin safiya ake kama fara.