Takalmin nutso da gugar Tenhya

Wani ƙanena da ke aiki a bakin teku ya aiko mini da saƙon murya, yana tambaya wane takalmin nutso zai saya. Na ce bari in amsa a nan, ko wani ma ya ƙaru.

Ni ɗan Tenhya ne, ruwa mafi zurfi da na sani ina yaro shi ne na gindin rijiya. Neman abinci ya kai ni Port Sudan wajen dangin kakanmu, Hausawan da suka yada zango a hanyar Makka. Can na samu aiki a jirgin masu kai baƙi nutso a Bahar Maliya, har aka koya mini goya tulun iska.

Takalmin kamar ƙafar agwagwa yake, kuma iri biyu ne. Akwai mai tsaga a tsakiya: ruwa na bi ta tsagar, ba ya gajiyar da gwiwa, sai dai ka yi ta kaɗa ƙafa ƙanana-ƙanana. Akwai kuma mai allo guda, ba tsaga, yana cin cinya amma bugu ɗaya ya tura ka nesa. Ni dai na ɗauki mai tsaga, don sauƙi.

Ranar da na gane kurena, mun shiga cikin Umbria, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar a 1940 kusa da tashar. Ciki duk laka ce kwance. Ina kaɗa ƙafa, lakar ta tashi kamar guguwar bazara, na daina ganin fitilar abokina. Na so in ja da baya, takalmin ya ƙi. Wallahi na yi kalmar shahada. Abokin nan ne ya laluba ya kamo hannuna. Shi mai allo ne a ƙafarsa, yana buɗe ƙafa irin na kwaɗo, ko ƙura bai tayar ba.

Da muka fito sai na tuna rijiyarmu. Babban guga sai raƙumi, ƙarami kuwa ko yaro ya ja. Ba wanda ya fi wani, kowa da aikinsa.

To ƙanena, in yawon kallon kifi za ka yi a ruwa mai kwanciya, ko gwiwarka na ciwo, ɗauki mai tsaga. In aiki ne ƙarƙashin jirgi, da kaya a baya, ko inda ruwa ke ja, sayi mai allo ka horar da cinyarka. Kuma ka ara ka gwada kafin ka ba da kuɗinka.

Yaƙin 2023 ya maido ni gida. Mai allon da na saya daga baya na nan rataye a ɗaki, yara na ce masa takalmin aljanu. Allah ya tsare mana na nesa da na kusa.