Da'irar da Na Gani a Rotadam

Ni haifaffen Yelwan Yawuri ne, a bakin tafkin Kainji na yi wayo. Saboda haka da aka ce za a kai ni kallon jiragen ruwa a Rotadam ta ƙasar Holan, sai na ce a raina, me za a nuna wa ɗan Yawuri? Ashe ban ga komai ba. Jirgin farko da ya gitta ta gabana, ko an juye masa kasuwar Yelwa da buhunanta da shanunta, ba zai san an yi masa lodi ba.

Amma inda aka ƙure ni ba bakin ruwa ba ne, wani ofis ne shiru kamar ɗakin jarrabawa. Wata injiniya ta buɗe manhaja a kwamfuta, layuka suka cika allo kamar an yanka albasa biyu. Na rantse ban ga jirgi ba. Ta yi dariya, ta ce rabin dama goshin jirgin ne, rabin hagu kuma bayansa. Tunda gefe da gefe duk ɗaya ne, rabi kawai ake zanawa. Layi mai yanke-yanke yana nuna abin da ƙarfe ya rufe, wanda aka cakuɗa dogo da ɗigo kuwa shi ne tsakiyar jirgi. Maƙerin da ke Koriya zai karanta shi ba tare da tafinta ba. Na tuna masassaƙanmu, waɗanda zanensu ke cikin kai, awonsu igiya da taƙi. Gwanaye ne, sai dai ranar da tsoho ya faɗi, zanen ya bi shi kushewa.

Daga nan ta matso da wata alama, da'ira da layi ya ratsa ta, gefenta wasu gajerun layuka kamar tsani. Wannan ce iyakar lodi: ruwa ya haye layin, jirgi ba ya barin tasha. Wani ɗan majalisar Ingila, Samuel Plimsoll, shi ya yi ta fafutuka har aka yi dokarta a 1876, don masu jirage na cusa kaya suna halaka matuƙa. Abin da ya fi ba ni mamaki, ruwan daɗi irin namu yana da nasa layin daban, domin jirgi ya fi nitsewa a cikinsa fiye da ruwan gishiri.

Nan jikina ya yi sanyi. Warra ta faɗo mini a rai, watan Mayun 2021, lokacin da jirgin da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutane fiye da ɗari ya nitse. Na nemi biro na kwafi da'irar a bayan tikitina.

Da yamma na koma bakin kogi ina leƙen haƙarƙarin kowane jirgin kaya. Ina kan na bakwai abokin tafiyata ya ja rigata, ya ce, "Malam, mota fa za ta tashi."