Ƙwallon aduwa da ruwan garka

Daga Damagaram muka nausa kudu, muka ratsa Bande, muka sauka Magaria da hantsi. Washegari na hau kabu-kabu na yi gabas zuwa Dungass, wadda sai a 2011 aka yanke ta daga Magaria ta zama gunduma. Ƙasa ce ta rairayi, amma da an gangara kwari sai rake da rogo da goruba, ruwa kuma kusa yake, rijiyar garka ba ta da zurfi.

A wata garka na tarar da wani dattijo yana wanke famfon feshi daf da bakin rijiya.

"Baba, wannan ruwan kuke sha?"

"Shi fa, ɗana. In ya yi wari sai mu jefa gawayi a randa."

Dabararsa tana da tushe, sai dai gawayin murhu bai isa ba. Wanda ake so shi ne wanda aka jiƙa da sinadari aka gasa, ko aka bi da tururi mai tsananin zafi, har ƙofofinsa suka buɗe. Giram ɗaya na irinsa, in aka baje fuskar cikinsa, takan haura murabba'in mita 500, kuma a nan guba ke maƙalewa. Masana a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sun yi shi da ɓawon ƙwallon aduwa, suka gwada shi wajen cire kuromiyam, gubar da ake samu a ruwan majema. Aduwar nan ga ta birjik a hanyar Dungass, yara na tsotsa suna yar da ƙwallon.

Abin da ya dame ni daga baya a kan babur shi ne: gawayin ya kashe gubar, ko riƙe ta kawai ya yi? Ido ba ya gani. Ana gane wannan da hasken infirared, wanda William Herschel ya gano a 1800. A niƙa gawayin, a haska shi, kowane sinadari ya shanye nasa rabon hasken, na'ura ta zana. In zanen maganin feshi ya fito yadda yake, gubar tana nan daram. In ya ɓace wasu layuka suka fito, ta ruguje ta zama wani abu, shi ma sai an san ko mene ne. Aikin da wuya, domin baƙin gawayi yana haɗiye yawancin hasken.

Dattijon ya ce tsohon gawayin randarsa a gindin shuka yake zubarwa. Na roƙe shi ya riƙa wanke famfon nesa da rijiya, na ɗebi ƙwallon aduwa a leda, muka ci gaba zuwa Dungass.